'Yar Bokiti a Mashigin Drake

Masu ce min in yi haƙuri da uwar saurayi, ku matso kusa, yau da ku nake. Ku karanta har ƙarshe tukuna, sannan ku dawo ku sake ba ni shawarar in bakinku zai iya.

Sunana Ayelén Barría, amma a tashar jiragen ruwan Ushuaia, can ƙarshen kudancin duniya, in kin tambayi Ayelén sai an tsaya tunani. Ki ce 'yar Bokiti, yanzu za a nuna miki gidanmu mai jan kwano a kan tudu. Babana, Baldomero, sau ɗaya ya taɓa fita teku, tun yana saurayi. A kwance aka dawo da shi, rungume da bokitin da ya yi ta amai a ciki, abokansa suka sauke shi suna sheƙa dariya. Daga ranar sunan ya manne masa. Da shi ya yi aure, da shi ya haife ni, da shi ya yi furfura yana tuƙa motar ɗaga kaya a bakin tasha. Shi ko a jikinsa. Mamata ce abin ya daɗe yana ci wa rai.

Shi ya sa ranar da Ceferino Oyarzo ya fara rako ni gida, Mama ta kusa kifar da tukunyar miya don murna. Gidan Oyarzo kaf mutanen ruwa ne, tun kakanninsu na tsibirin Chiloé. Cefe shi ke tuƙa kwalekwalen roba da ake sauke baƙi 'yan yawon buɗe ido da shi daga babban jirgi zuwa gaɓar ƙanƙara. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum kansa da hular ulu ruwan toka wadda ta sauko ta rufe kunnuwa, saƙar hannun uwarsa. Ina son sa. Gara in faɗa tun yanzu, don nan gaba ba za ku sake jin na faɗa da daɗin baki ba.

Uwarsa, Doña Edelmira, ita ce shugabar masu gyaran ɗakuna a jirgin da yake aiki. Ranar da muka je gaishe ta, Mama ta sa ni na saka rigar coci mai ruwan goro, ta gasa kek ta naɗe da sabon tawul. Muka zauna a kicin ɗinta kusa da murhun itace. Ta zuba ruwan zafi a ƙoƙo mai bakin azurfa na mate, shayin ganyen garinmu da ake zuƙa da bututu ana zagayawa, ta miƙa wa Mama. Ya dawo, ta cika ta miƙa wa Cefe. Ya dawo, na gyara hannu, sai ta tsallake ni ta sha da kanta.

"Ƙoƙon marigayi mijina ne," in ji ta, ba ta ko kalle ni ba. "Ba ya zuwa hannun wadda teku bai san ta ba."

Mama ta yi 'yar dariyar yaƙe. "Ai Ayelén ba ta ɗauko babanta ba, Doña. Ni ta biyo."

"Za mu gani. Ina neman mai goge-goge a tafiyar nan. Ta tsallake mashigin Drake a tsaye, ba magani, ba bokiti a ƙirji. In teku ya karɓe ta, na karɓe ta."

"Za ta je," Mama ta amsa kafin in buɗe baki.

Na kalli Cefe. Yana can yana wasa da gutsuren kek a faranti. Tun a nan ya kamata in gane, amma kun san yadda so yake toshe kai.

Ranar tashi, ana ta loda akwatunan baƙi, ya ja ni bayan wata kwantena. Ya ciro wata 'yar filasta zagayayya ta maganin amai, ba ta fi farcen babban yatsa ba, ya ɗaga gashina ya manna min a bayan kunne.

"Ta ce ba magani," na ce.

"Ta ce kada ta gani. Ki bar gashi ya rufe. Kuma Aye, in kin taɓa ta ki wanke hannu. In ya shiga ido, baƙin idon buɗewa yake kamar na mage, duk wanda ya yi aikin jirgi ya san alamar."

"Kai ina ka san wannan duka?"

Ya waiga dama da hagu, sannan ya ɗan ɗaga gefen hularsa. Tasa tana nan a manne.

Na buɗe baki. Ɗan Oyarzo guda.

"Tun tafiyata ta farko," ya ce a hankali. "Ba wanda ya sani. An hana direbobin kwalekwale sawa, wai tana kawo barci, tana sa ido hazo. In Don Rigoberto ya ji, na gama tuƙi. Ki rantse."

Don Rigoberto shi ne shugaban masu kwalekwale. Na rantse. Har daɗi na ji a raina, wai ya ba ni sirrin da ko uwarsa ba ta sani ba. Ku yi min dariya, na ba ku izini.

Cikin mashigin Beagle ruwa lafiya lau, baƙi suna ta ɗaukar hoto cikin jajayen rigunan sanyinsu iri ɗaya. Mu kuwa ma'aikata mun san abin da ke gaba. Muka bi tagogin ƙasa muka rufe da murfin ƙarfe, muka ɗaure kujeru da sarƙa, muka soke ledojin amai a jikin ƙarfen riƙo na kowane lungu. Masu ɗakin abinci suka jiƙa mayafan tebur don kada faranti ya zame. Da muka fito fili muka shiga Drake, jirgin ya ɗaga hanci sama, ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya faɗo. Hanjina ya taho har maƙogwaro.

Doña Edelmira ta tara mu a ɗakin tawul, ta raba aiki.

"'Yar Bokiti, ɗakunan gaba."

Sauran 'yan matan suka sunkuyar da kai. Kowa ya san gaban jirgi nan ne ruwa ya fi dukansa.

"Sunana Ayelén, Doña."

"In kin tsallake, sai in koyi sunan."

Ba zan ɓoye muku ba, na sha wuya. Filastar ta hana ni amai, amma ba ta hana duniya juyawa ba. Bakina ya bushe ƙamas, harshena ya zama kamar tsumma. Hannu ɗaya a ƙarfen riƙo, ɗaya da bokiti da sandar goge ƙasa, haka nake bin ɗakuna. Duk ƙofar da na buɗe wari ne ke fara gaishe ni. Akwai wata tsohuwa baƙuwa da ta tsallako rabin duniya don ta ga ƙanƙara, ga ta nan a ƙasa tsakanin gado da bango tana roƙona da hannu in ce wa kyaftin ya juya. Na ɗaga ta, na tura rigar ceto ƙarƙashin katifarta ta gefe don kada ta sake gangarowa, na yanka mata koren tuffa, na ba ta biskit mai gishiri da shayin citta. Ta kama hannuna tana kuka. Ni ma kukan nake so, amma ba ni da wurin yinsa.

Wayata tana aljihun gaban rigar aiki. Duk sanda intanet ɗin jirgi ya ɗan farfaɗo sai ta yi zuu.

Mama: "Kin yi amai?"

Mama: "In ya taso ki haɗiye. Kada ki bari su gani."

Mama: "Matar Andrade ta tambaye ni a shago ko kin tafi da bokitin da kika gada. Ayelén, ki rufa min asiri."

Can ƙasa da su, saƙon Baba guda ɗaya. Shi da ba ya iya rubutu a waya sai da yatsa ɗaya.

"'Yata, ki dinga kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Ki ci kaɗan kaɗan. In ya zo ki bar shi ya fito, ba abin kunya ba ne. Bokiti da hannu biyu ake riƙe shi, shi ke nan."

Na jingina da bango na karanta har sau nawa. Sannan na mayar da wayar, na ci gaba da goge aman mutane.

Cefe kuwa sau ɗaya muka haɗu a matakala. Ya ce, "Kina ƙoƙari," ya wuce da sauri kamar wanda ya ga mai binsa.

Washegari da safe teku ya ƙara haukacewa. An hana kowa fita waje, don haka ko inda sama ta haɗu da ruwan ban samu gani ba. Ina tsakiyar canza zanin gado Doña Edelmira ta leƙo. Ta daɗe tana kallona, daga takalmi har gashin da na sako a gefen kunne.

"Har yanzu kina tsaye."

"Ina tsaye, Doña."

"Hm. Bar wannan. Je ki goge ɗakin da masu kwalekwale ke canza kaya."

Abin ya ɗaure min kai, don ɗakin ba namu ba ne, su suke share kayansu. Amma ban yi musu ba. Na sauka na goge shi tas, tsakanin manyan takalman roba da rigunan ruwa masu lilo a ƙugiya. Zafin wurin ya sa na yi gumi, na ji filastar tana ɗagowa, na danna ta da yatsa. Warin sinadarin wanki ya shiga min ido, na sa yatsan nan na murza. Ko tunawa da maganar Cefe ban yi ba.

Zuwa la'asar fitilun lungu sun fara soka min ido. Na ciro waya, rubutun ya yi hazo. Na ce gajiya ce. Sai ga wata yarinya cikin 'yan aikinmu ta ce Doña tana kirana ɗakin cin abincin ma'aikata, yanzu yanzu. Haka na shiga da bokitina a hannu, wankakke, sandar goge ƙasa a kafaɗa.

Lokacin shan mate ne, ɗakin a cike. Masu kwalekwale a dogon tebur, kuku a bakin ƙofar kicin yana riƙe da ƙarfen bango, Doña Edelmira a bakin tebur da fulas a hammata da ƙoƙon nan mai bakin azurfa. Cefe yana kusa da ita, hula har kunne. Fuskarsa ta yi wani fari fat, amma ban kawo komai ba. Ba wanda ke dariya. Don Rigoberto yana tsaye, ƙafafu a ware saboda lilon jirgi, ya ɗora wani abu a kan yatsa. Filasta ce, tsohuwa, ta naɗe.

"A ɗakin canza kaya na tsince ta da sassafe," ya ce. "Masu gyaran ɗaki ba ruwana da su, su manna goma in sun so. Amma gobe akwai ƙanƙara a ruwa, akwai rayukan mutane a kwalekwale. Ba zan ba wa mai hazo a ido inji ba. Ta wace ce, ko ta wane?"

Kowa ya kalli na kusa da shi. Jirgin ya karkata, cokula suka yi ƙara a aljihun tebur.

"Rigoberto, kana ɓata bakinka," in ji Doña Edelmira. "Yarinya, matso ƙarƙashin fitila."

Na matso.

"Ku kalli idonta na dama."

Kuku ne ya fara fashewa da dariya. "Kai, ga mage a jirgi."

Kafin in motsa ta miƙe, ta ɗaga gashina da yatsu biyu kamar mai duba kwarkwata, ta juya kaina kowa ya gani.

"Ga sabuwa a manne, tsohuwar ce ta faɗi. Ni na tura ta goge ɗakin nan."

"Da sassafe ya tsinta, Doña," na ce. "Ni kuwa sai da rana ta ɗaga kika tura ni."

"Au, har kina da bakin lissafi? Ke da idonki ya tona ki?" Ta juya ga mutane. "Ni dai na faɗa tun a gida. Uban an sauke shi a kwance yana kiran uwarsa, duk tasha ta gani. Shekara da shekaru yana ɗaga kayan maza yana kallonsu suna tafiya. Me kuke so 'yarsa ta zama?"

"Bokiti ƙarami," wani ya jefo daga ƙarshen tebur. Aka kwashe da dariya, dariyar mutanen da hankalinsu ya kwanta tunda ba su aka kama ba.

Ban damu da su ba. Cefe nake kallo. Kalma ɗaya nake jira. Ko kada ya tona kansa, ya ce kawai a bar babana.

Ya haɗiye yawu, ya ɗan murmusa ta gefen baki.

"Ki ƙyale ta, Mama," ya ce. "Ba laifinta ba ne. A jini abin yake."

Masu karatu, ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsane shi a daidai lokacin nan ba. Babana da ke ajiye masa wurin fakin a tasha. Babana da ke kiransa ɗana. Na ajiye bokitin a gabansa, na miƙa hannu kai tsaye zuwa hular.

Tsohuwar ta fi ni sauri. Ta cafke wuyan hannuna, yatsunta kamar filaya, ta jawo ni jikinta kamar mai lallashi. Bakinta ya zo daidai kunnena.

"Ni na saƙa hular nan," ta raɗa min. "Kin zaci ban san abin da take rufewa ba? Ni na ce ya ba ki filastar, saboda rana irin ta yau. Sauran filastocinsa na zubar tun da safe, ba abin da za a samu a jikinsa. Ki natsu."

Ashe ba ni aka zo gwadawa ba. Bango aka zo da shi, wanda za a jingina laifi in ya taso.

Ta sake ni, ta ɗaga murya, har da murmushi. "To, ya isa haka. Yarinya ce, tsoro ne ya sa ta. Amma ta yi aiki, ban ga ta zauna ba. Za mu gyara ta." Ta karkata fulas, ta cika ƙoƙon mijinta har kumfa ya taso, ta juya bututun ya fuskance ni, ta sa min a hannun dama.

Duk wanda ke wurin ya san ƙoƙon nan. Kuku ma ya daina dariya.

"Sha, Ayelén," ta ce. Yau ta iya sunan. A ƙasa-ƙasa ta ƙara, "Aikin matar gidan Oyarzo ke nan. Ta rufe."

Ƙoƙon yana da ɗumi a tafin hannuna. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in sha. Na hango Mama tana shiga shago kai a sama. Na hango farar riga, da cocin da muke zuwa, da gidan da Cefe ya ce zai gina mana a gefen dutse. Zuƙa ɗaya ce tsakanina da su. Abin da zan bayar kawai shi ne in bar sunan babana a ƙasa inda suka tattaka shi, in kuma yi shiru duk ranar da mutumin nan ya sake manna abarsa ya ɗebi mutane ya shiga cikin ƙanƙara da su.

Na kalli Cefe. Gumi yana tsattsafo masa a saman leɓe. Ya yi min alama da ido, wai in sha.

A garinmu ba a mayar da mate ba a sha ba. Ko maƙiyinka ne ya ba ka, ka zuƙe ka miƙa. Na sunkuya na ajiye ƙoƙon a kan jiƙaƙƙen mayafin tebur, cike, yana tururi. Wata cikin 'yan matan ta rufe baki da hannu.

Doña Edelmira tana kallon ƙoƙon, ni kuwa hannuna na hagu ba kowa a kansa. Na fizge hular.

Ba filasta. Amma wurinta yana nan a bayan kunnensa, zagayayyen tabo ja, fatar ta kode ta yi sulɓi saboda shekarun manne-manne, har da sauran danƙo a gefe. Don Rigoberto ya tako a hankali, ya kama kan Cefe ya juya shi ga fitila. Ya ɗora tsohuwar filastar kusa da tabon. Sannan ya saki kan.

"Ƙaiƙayi ne," in ji Doña Edelmira. "Ulu ne ke sa masa—"

Sai jirgin ya hau wata igiyar ruwa da ta fi duk na baya. Muka yi sama, muka yi sama, kowa ya kama abin da ke kusa. Da muka faɗo, fulas ya tashi ya daki bango. Cefe, wanda ya wuni ba magani a jikinsa karo na farko tun da ya fara aikin teku, ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya lalubo abin da ke gabansa da hannu ɗaya.

Bokitina ne.

Ba wanda ya yi dariya. Ƙarar aman kawai ake ji da kukan ƙarfen jirgi. Bokitin yana zamewa, yana bin sa da gwiwa.

"Hannu biyu, Cefe," na ce. "Da hannu biyu ake riƙe shi."

Ya riƙe da hannu biyu. Abin da ya fi ba ni haushi, har yanzu da nake rubuta muku, shi ne na tsinci tafin hannuna a goshinsa ina tallafe masa kai. Ban san sanda ya je ba. Da na lura na janye, na goge a rigata.

"Oyarzo," in ji Don Rigoberto, "kada in ga ƙafarka kusa da kwalekwale. In ka iya tashi, kyaftin yana sama." Ya juyo gare ni, ya gyaɗa kai, ya fita.

Doña Edelmira ta tsince hular daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta ninke ta sa a aljihu. Ta zo gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa farce a bayan kunnena ta ɓalle filastar da ƙarfi, har da 'yan gashi.

"Ɗakunan gaba naki ne har mu koma gida," ta ce. "Kuma ki tuna, mashigin nan sau biyu ake tsallake shi."

"Na sani, Doña. A ba ni wani bokitin, wannan yana da mai shi."

Na fita lungu, na kama ƙarfen riƙo. Lungun ya riga ya fara juya min. Wayar ta yi zuu a aljihu. Sai da na rufe idon dama da tafin hannu sannan na iya karantawa.

Mama: "Na kunna miki kyandir a coci. Ta ba ki ƙoƙon?"

Na sake karanta saƙon. Sannan na rubuta da yatsa ɗaya, irin na Baba.

"Ta ba ni, Mama. Yana can kan tebur, ya huce."